Saniyar da ta zana mana burtali

Mun bar Tambuwal ana idar da sallar asuba, mu uku a kan babura biyu. An yi ruwa jiya da yamma, ƙasa ta sha ta ƙoshi, iska sai ƙamshin jiƙaƙƙen turɓaya take kawowa. Ni aka goya a baya, rungume da jakar kwamfuta da takardun da na buga, ina gyangyaɗi ina farkawa.

Ga wanda bai san abin da ya fitar da mu ba: akwai wata taswira a intanet wadda kowa ke iya gyarawa, ya ƙara hanya, ko rijiya, ko sunan ƙauyensu. Ba a biyan kowa, don Allah ake yi. Nawa aikin shi ne in zauna da mai son shiga, in duba abin da ke hannunsa, in ce masa ga hanyar da ta dace da kai. Mun yi da mutanen Dogon Daji da Jabo, wannan karon Kebbe muka nufa.

Na daɗe ina kallon ƙasar nan daga sama, a hoton tauraron ɗan'adam, har ya zama komai sau biyu nake ganinsa. Wata kuka da na sani a matsayin baƙin ɗigo, ashe tana da kogo, da balbelu a kanta, da wata mai fura a gindinta. Gero ya tsiro layi-layi har iyakar ganin ido, hazon ruwa na tashi daga fadama a hankali, ni kuwa ji nake kamar na faɗo cikin allon kwamfutata ina yawo. Sai da babur ya faɗa wani rami haƙorana suka haɗu, na dawo duniya.

Mun karya a wani ƙauye na bakin hanya, shayi da ƙosai da hoce mai ɗumi. Ƙosan zamanin nan kullum ƙanƙancewa yake, kuɗinsa na girma. Ɗaya daga abokan tafiyata ya yi wa mai tuyar tsiya, ta ce ya je ya tambayi wake.

Hantsi ya ɗaga muka isa Kebbe, muka tarar ana jiranmu a inuwar darbejiya. Wani malamin makaranta yana da kwamfuta da haƙurin zama, na ce masa shi zane daga hoton sama ya dace da shi, amma ya kiyayi rumbu, don daga sama rumbu da ɗaki uwarsu ɗaya. Ni kaina na taɓa mayar da gida guda unguwa saboda rumbunansa. Wani ɗan kabu-kabu kuma na sa masa manhajar da ke bin sawun tafiya ko babu sabis, ya jefa waya a aljihu ya yi aikinsa, duk lungun da ya bi ya zama layi. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce ita wayarta ba ta riƙe caji, na miƙa mata taswirar takarda da biro, ta sa alama a kowace rijiya, ni zan shigar.

Ina cikin jin daɗin na raba wa kowa nasa, sai wani dattijo da ya zauna gefe tun isowarmu ya matso. Fari ne, siriri, da sanda a kafaɗa. Ba shi da waya, bai yi boko ba. Ya ce manomi ne kuma yana da shanu, tun kakanninsa suke ƙauyensu. Burtalin da shanunsu ke bi zuwa tafki ne ke neman rufewa, kowace damina maƙwabta na ci masa kunya ɗaya ko biyu. Mai gari ya ce ba zai tashi shukar kowa ba sai ya ga ainihin hanyar a takarda. In bana ma ta wuce a haka, shanun ba su da hanyar ruwa, sai dai a kora su kudu wajen dangi, shi kuwa ya tsufa da binsu.

Na buɗe hoton sama, ban ga komai ba sai kore. Na ce to, Baba, sai ka riƙe wayata ka bi tsohuwar hanyar da ƙafa. Ya girgiza kai, ya ce in ya bi za a ce son kai ya yi.

"Akwai wadda ta hi ni saninta," in ji shi. "Wagga tsohuwar saniya tawa, tun tana maraƙa taka bin uwatta nan. Kullum mu ka karkata ta da sanda. Ku ƙyale ta yau, ba ta ƙarya."

Abokan tafiyata suka yi dariya, ni ma na yi, amma na yarda mu gwada.

Bayan azahar muka isa ƙauyen. Saniyar gudale ce fara, ƙasusuwan bayanta duk a waje, idonta kamar mai jin barci. Na kunna manhajar, na cusa wayar cikin wata jakar fata, aka rataya mata a wuya. Mai gari ya zo da mutum biyar daga masu gonakin, aka yarda ba wanda zai taɓa ta ko ya yi mata tsawa. Aka kwance ta ita kaɗai.

Ban taɓa yin tafiya irin wannan ba. Ita a gaba tana takawa sannu-sannu, jakar na lilo a wuyanta, mu a baya. Gajimare na wucewa, inuwarsa na bin gonaki tana barinsu. Wani wuri sai ta ratsa gefen shukar wani, mai gonar ya sunkuyar da kai, dattijon ya dubi mai gari yana murmushi. Haka ta yi sau uku. Ni dai tausayin geron nake ji, amma raina fari ƙal, don a karon farko ina ganin layi yana zana kansa.

Da muka hango tafki, sai hanyar da ake bi yanzu ta lanƙwasa dama ta zagaye wata gona mai kyau, wadda ta sha taki, geronta ya fi na kowa duhu. Saniyar ba ta ko dubi dama ba. Ta miƙe ta shiga tsakiyar gonar, ta raba ta biyu, ta fita ta ɗaya gefen, ta sa baki a ruwa.

Na ga kowa ya tsaya yana kallon dattijon. Wani ya raɗa mini cewa gonarsa ce. Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana duban sawun kofaton a cikin shukarsa, har na ji kunya ta kama ni kamar ni na yi laifin. Na matsa kusa na ce masa a hankali, dabba ce, tana iya kuskure, kuma ban tura komai ba tukuna, ana iya sake bi gobe.

Bai dube ni ba. Ya ce lallai nan ne, ya tuna yanzu, akwai wata ƙirya a wurin da ya sare shekarar da ya faɗaɗa gonar. Ya daɗe yana zagayawa har ya ɗauka zagayen ne hanya.

"Ɗana, sa shi yadda ta bi," ya ce. "In za a tada shuka, a hwara da tawa."

Ya sauke sandar daga kafaɗa, ya shiga gonar, ya fara ja wa burtalin iyaka a cikin geronsa. Can sai ɗaya daga cikin masu gonakin ya juya ya nufi tasa gonar, don shi ma ya ja wa burtalin iyaka.

Mun kamo hanyar Tambuwal da la'asar don kada magariba ta same mu a daji. Washegari na zauna na shigar da layin, na buga takardar da za a kai wa mai gari. Na fita da tunanin ni ne mai zaɓa wa mutane kayan aiki, kwamfuta ga wannan, biro ga wancan. Na dawo na san cewa kafin in tambayi mutum me ke hannunsa, ya kamata in tambaye shi wa ya fi sanin wurin, kuma ko zai iya ɗaukar abin da taswirar za ta nuna. Da na zo inda layin ya ratsa gonar dattijon, hannuna ya tsaya a kan madannin na ɗan lokaci, sannan na tura.