Madam Zalika da Mutanen Asiransi

Duk wanda ya yi lekol, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi ya san Madam Zalika, malamar faransanci da ake jin dariyarta tun daga bakin titi. Da ta fara jan ƙafa, ido ɗaya yana yi mata hazo, gwaggonta ta rantse doguwa ce ta taɓa ta. Likitocin Yamai suka ce ciwon jijiya ne, sclérose en plaques, kuma allurarsa akwai tsada.

Ana nan sai mijinta Nasiruddeen ya samu aiki a Beljik. Kowa na murna, ita kuwa ta ce ba ta ɗaure kaya sai ta san mai biyan allurar a can. Kamfanin asiransin wurin aikinsa, mai biyan kuɗin maganin ma'aikata da iyalinsu, ya ce ba ya ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi.

"To, wurin wa zan baro shi a Dutsi?" Zalika ta tambayi matar da ta ɗauki waya a kamfanin da ta kira su. Matar ta fashe da dariya.

Daga ranar, Zalika ba ta karya kumallo sai ta kira ta. Ta tura bayanan likita, ta sa Nasiruddeen ya samu maigidansa a kan maganar. Kafin a yanke gero, matar ce ta kira da kanta.

"Ina kwana, Madam," ta ce da 'yar Hausar da ta tsinta a bakin Zalika. "An amince."

Yanzu Zalika tana koya wa matan baƙi faransanci a can. Kukanta ɗaya ne: wai geron ƙasar tsuntsaye ake saya wa.