Kwalaben 'Yata a Frigona

Shekarun baya, 'yata da ke koyarwa a jami'a, sashen da suke binciken sinadaran jiki da na tsirrai, ta shigo gida da kwali cike da ƙananan kwalabe. Ruwan ganyayen da ta tattaro a Tirmini ne, aikin damina guda. Ta fitar da furata da zoɓona, ta jera kwalaben a frigo.

"Inna, in suka yi ɗumi, sai wata daminar."

Ga zafi ya shigo, wutar lantarkin unguwarmu Kara-Kara kuwa sai ta ga dama. Da na ji frigo ya yi shiru sai in nufi wurinsa. In tashi, in zauna, in jiƙa buhu in lulluɓe shi. Ni da ko sunan abin ban iya faɗa ba, na zama mai gadinsa.

Na tambaye ta ko labonsu, ɗakin gwaje-gwajensu, ba frigo. Ta ce akwai, mai aiki da hasken rana, amma a ɗakin wani babban malami yake. Su can, waɗanda suka yi karatu a Faransa tare suke aiki, waɗanda suka yi nasu a Kano irinta su ma daban. Kuma in ka taɓa na'urar mutum, dole sunansa ya hau takardar bincikenka.

"To ki sa mana. Suna cin wuri yake?"

"Inna, ba za ki gane ba."

Ban gane ɗin ba. Ranar wani suna na haɗu da matar malamin, tare muka yi yaƙi da jahilci. Ban san lokacin da na zazzage mata komai ba.

'Yata ta yi fushi sosai, wai na kai ta ƙara kamar ƙaramar 'yar lakwal, 'yar makaranta. Ta daina cin tuwona. Sai ga malamin ya aiko mota a ɗauki kwalin. Ashe shi ma yana da aikin da ya maƙale, yana neman mai haɗa shi da mutanen Kano, girma ya hana shi tambaya.

Takardar ta fito da sunayensu biyu. Ban san ko daidai na yi ba, don har yau ba ta ce min na kyauta ba. Na dai lura masu ilimi ma kunyar roƙon juna suke ji, kamar mu.

Yanzu fura ce kawai a frigon. Amma da an ɗauke wuta, sai in tsinci kaina tsaye, ina neman buhu.