Ƙulli Mai Jela

A tashar motar Kontagora, in aka ce Sati mai igiya, kowa ya san wanda ake nufi: wani dogon dattijo mutumin Rijau da fara'a ba ta dame shi ba. Aikinsa ɗaurin kaya. Buhunan masara ne, doyar Mashegu ce, babur ne a saman mota, shi zai ɗaure, kuma ba a taɓa jin kayansa sun zube a hanya ba. Sai dai duk ƙullin da ya yi sai ya bar masa jela. Ka jijjiga kayan iya ƙarfinka, ko gezau. Ka ja jelar da yatsa biyu, nan take ƙullin ya warware.

Direbobi suna son wannan ƙulli. Awakin matarsa Margaret ma haka.

Akuya ta farko ta ja jelar da haƙori, ta fice, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Ta biyu, da yake ta ga yadda aka yi, ba ta ɓata lokaci ba. Saura ɗaya, wata ja mai ciki, jikar akuyar da mahaifiyar Margaret ta ba ta kafin ta rasu. In Margaret ta ɗaure ta da kanta, tana juya baya Sati zai lallaɓa ya kwance ya yi nasa.

Ba a tasha ya koyi wannan hali ba. Yana saurayi ya zauna bakin ruwa can gaba da Auna, shi da wansa Japhet, suna tuƙa kwale-kwale. A can ana ɗinke buhuna a kafa su a jikin gora, iska ta riƙa tura jirgi. Igiyar da ke riƙe da buhunan ba a yi mata mataccen ƙulli, don in iska ta haukace dole a sake ta nan take. Wata rana Japhet yana sauri ya yi mata mataccen ƙulli. Igiya ta jiƙe, hadari ya taso, Sati ya yi ta fama da farce da haƙori har jirgi ya kife. Shi ya fito, Japhet bai fito ba. Sati ya kwashe igiyoyinsa ya dawo Kontagora, bai ƙara shiga jirgi ba.

Wata safiya Margaret ta tsinto jar akuyar a bakin titi, ta jawo ta gida tana huci.

"Baban Rahila, ita kaɗai ta rage mini daga hannun Inna. In ta ɓata, ba zan yafe maka ba. Ka yi mata ƙulli irin na mutane."

"To," in ji Sati.

Ya tsuguna gaban turke, ya zagaya da igiya, ya zo wurin da zai zura bakinta ya ja. Hannunsa ya ƙi. Mutumin da ke ɗaure lodin babbar mota shi kaɗai, ga shi yana gumi a gaban akuya. A ƙarshe ya yi ƙullinsa na kullum, ya jawo kujera, ya zauna ya riƙe jelar a hannu.

Haka ya wuni. Washegari ma haka. Direbobi suka aiko a ji ko lafiya, ya ce lafiya lau, aiki ne ya riƙe shi. Maƙwabciyarsu Bilki ta leƙo ta katanga ta ce, "Baba, kiwon ne haka?" Ya ce mata haka ne. Akuya tana kallon jela, shi yana kallon akuya.

Margaret ta yi niyyar ta bar shi ya gaji don kansa. Amma ta san labarin Japhet, kuma da ta ga ƙafafunsa sun fara kumbura, tausayinsa ya kama ta. Ta zo ta karɓe igiyar.

"Juya can," ta ce.

Ya juya ya fuskanci bango. Ta yi mataccen ƙulli, ta ƙara wani a kai, ta ja da ƙarfinta. Sannan ta shiga kicin ta ɗauko wuƙarta mafi kaifi, ta rataye ta a ƙusa daidai saman turken.

"Ga ta nan," ta ce. "In iska ta taso."

Sati ya taɓa bakin wuƙar da babban yatsa, ya miƙa hannu daga turke zuwa ƙusa ya ga tana kusa. Ya ɗan sauko da ƙusar, ya saɓa igiyoyinsa ya tafi tasha.