Tarin da na ɓoye don kada gurbin karatu ya kuɓuce mini

Assalamu alaikum. Wata goma ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu turo mini "ya sanyin ƙasar waje?", ku yafe ni. Ban je ko'ina ba. Ina nan Runjin Sambo, a ɗakin da kuka san ni.

Bara wata jami'a a waje ta ba ni gurbin karatun injiniya, da sharaɗi ɗaya: sai na yi kwas ɗin share fage na mako takwas ta intanet, wanda suke shirya wa baƙin ɗalibai. Turancin rubutu, lissafi, da yadda ake gabatar da aiki gaban aji. Wanda ya yi fashi sau uku ya rasa gurbinsa. Su kwas ɗin bazara suke ce masa, mu nan damina ta kankama.

Tun kafin a fara nake ɗan tari. Na ce sanyi ne.

Baba kuwa ko takardar ƙarshe bai jira ba. Ya goya ni a mashin muka shiga bankwana, daga Ƙofar Rini har Ƙofar Taramniya, gida goma sha ɗaya. Kun san yadda ake yi: ka durƙusa a ɗakin tsofaffi, a yi maka addu'a, a haɗo ka da guzuri. Kilishi, yaji, ƙuli-ƙuli. Gwaggo Asabe har bargo ta ba ni.

Bayan wannan, da wane baki zan ce ba ni da lafiya?

Sai na ƙware a abu ɗaya da ba ya cikin manhaja: kashe makirufo. In tari ya taso in danna, in kau da kai, in dawo da murmushi. Citta, kanumfari, zuma, babu wanda ban sha ba. Wando ya fara zame mini, na ƙara huda a bel.

Inna ce ke zama da ni a ɗakin duk lokacin darasi, ƙofa a rufe saboda hayaniyar kekunan haya a titi. Ba ta jin Turanci, amma tana son ta ji ni ina yi. Ran nan ta ce, "Wanga tari naka bai yi man ba. Mu tai asibiti."

Na ce, "Inna, sanyi na. Bari in ƙare karatun ga."

A mako na shida aka zo kaina in gabatar da aiki. Wannan ba a yin sa da makirufo a kashe. Ina shafi na uku tari ya sarƙe ni, na kare baki da hannun riga. Da na janye, jini ne. Malamar kwas ɗin tana ta kiran sunana, ni kuwa na rufe kwamfutar.

A asibiti aka ɗora ni a sikeli, aka ɗebi jini, aka yi hoton ƙirji, aka ba ni 'yar roba in tofa majina. Likita ya ce, "Tun yaushe kaka tari?"

Na ce sati biyu.

Inna ta ce, "Likita, ba gaskiya yaf faɗi ba. Ya hi wata ukku."

Tarin fuka ne. Na tsorata ƙwarai, don na zaci tawa ta ƙare. Likita ya ce ana warkewa in an sha magani wata shida ba fashi. Maganin kyauta ne, hoton ƙirji da wasu gwaje-gwaje kawai muka biya. Sannan ya miƙo takarda ya ce in rubuta duk wanda na zauna da shi a ɗaki ɗaya, a kawo su gwaji.

Na so a aika saƙo ta waya. Baba ya ce, "Inda munka tai bankwana, nan za mu koma. Tashi."

Haka muka sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ina sanye da takunkumi, daga zaure nake tsayawa. Gwaggo Asabe ta ce, "Au, har jirgin ya maido ka?" Da ta ji abin da ya kawo mu, dariyar ta ɗauke. A wani gidan ko tabarma ba a shimfiɗa mana ba, kuma ban ga laifinsu ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Aka yi musu gwaji, duk suka fita lafiya, har da Inna. Bayan wata uku ita ta fara tari. Aka sake gwaji, ga shi nan.

Na durƙusa ina ba ta haƙuri. Abin da ta ce kawai, "Cuta ta Allah ta. Miƙo man ruwa."

Jami'ar fa? Sai da na yi mako uku ina juya wasiƙa kafin na tura musu da takardar likita. Washegari suka amsa da layi uku: suna yi mini fatan sauƙi, sun ajiye mini gurbina zuwa shekara mai zuwa. Shi ke nan. Abin da na yi ta haɗiye tari dominsa ke nan.

Alhamdu lillahi, na gama magani, gwaji ya nuna babu komai. Inna ma ta gama nata. Na gode wa ma'aikatan da suka yi ta kiran waya suna tambayar ko mun sha ƙwaya, na gode wa Baba, da dangin da ba su guje mu ba.

Masu shirin tafiya karatu, ku ji daga bakin wanda ya yi wauta. Tari ya wuce mako biyu, ku je a duba. Ku rubuta wa makarantar gaskiya da wuri, suna da tsarin ɗage karatu. In an ɗora ku kan magani, kada ku tsaya don kun ji sauƙi.

Ni na mayar da ƙibata, wata mai zuwa zan sake kwas ɗin. Inna kuwa har yau in ta share tsakar gida sai ta zauna ta huta sau biyu. Ku sa ta a addu'a.