Tafiyar Da Na Yi Ba Sallama

A shekarata ta biyu a Doha na yi abin da har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Na yi tafiya zuwa wata ƙasa ban yi wa Kawu sallama ba.

Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Garinsu ɗaya, kuma wannan kaɗai ya ishe shi ya ɗauke ni ɗa tun ranar da na sauka da akwati guda da takardar karatu. Direba ne, yana kai baƙi yawon buɗe ido cikin tuddan yashin da ke kudu da birni. Ɗakinsa a unguwar Mansura yake, hawa na uku, su huɗu ke kwana a ciki, amma duk Juma'a bayan an sauko masallaci akwai kwanona a wurin, wani ɗan kwanon silba mai murfi. Tuwo ne da miyar kuka, kukar ma daga gida ake aiko masa. Ni kuwa digiri na uku nake yi a kan ƙasa da yashi, yadda suke ɗaukar nauyin gini. Shi ya sa yake kirana Dakta tun ban rubuta ko babi ɗaya ba, ni kuma a ɓoye sunan yana min daɗi.

Wata Asabar ba shi da baƙi, sai ya kwashe mu, ni da abokan ɗakinsa biyu, muka tafi shan iska cikin yashi. Da muka yi nisa ya ba ni sitiyari. Ban yi minti goma ba na gangara wani kwari mai laushi, motar ta fara jan ƙafa. Na taka totur.

"Ɗaga ƙafa, Dakta," in ji Kawu.

Na ƙara takawa. Yashi na tashi ta baya, motar na yin ƙasa.

"Na ce ka ɗaga ƙafa. Shuwai shuwai, a hankali."

"Kawu, ka bar ni," na ce. "Ni yashin nan karanta shi nake yi, kai tuƙi kawai kake a kansa."

Abokan ɗakinsa, manyan mutane masu iyali, kowa ya juya yana kallon taga. Kafin in saki totur ɗin, cikin motar ya riga ya zauna daɓas a kan yashi.

Kawu ya fita, ya ciro tsinken ashana daga aljihu, ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana rage musu iska har suka baje. Ya durƙusa ya share gaban kowace taya da hannu, ya ciro tabarmin robar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu da wani guntun katako ya cusa. Yana aikin yana yi wa ɗaya daga cikin abokan ɗakinsa bayani, amma ni na san da wa yake.

"Da ka ji ta fara nitsewa, ka tsaya. Duk motsin da ka yi cikin gaggawa ƙasa zai kai ka. Ka bari ta baje, ka sa mata abin takawa, sannan ka fita a hankali."

Ya shiga, ya sa giya, motar ta fito salin alin kamar ba ita ba. Har muka dawo gari ba wanda ya ƙara tada zancen.

Juma'ar da ta biyo ban je cin tuwo ba. Ta gaba ma haka. Ba fushi nake ba, da wa zan yi fushi? Kunya ce, na sa mata rigar yawan aiki. Sau biyu Kawu ya kira, sau biyu na tura masa saƙo cewa ina ɗakin gwaji. Ana haka wata biyu ya wuce, hutun sanyi ya zo, wani abokin karatuna ɗan Turkiyya ya gayyace ni garinsu da ke cikin duwatsu in ga dusar ƙanƙara. A gidanmu ko kasuwar ƙauye mai nisa za ka, sai ka zaga manya ka ce za ka yi tafiya, a yafi juna, don ba wanda ya san ko zai dawo. Ranar tafiya tasi ta bi da ni ta bakin layin su Kawu. Na hango tagarsu da rigunansu a shanye, na sunkuyar da kai ina danna waya.

A can abokina ya ɗaura min dogayen allunan zamiya a ƙafa, ya ba ni sanduna biyu, ya koya min yadda ake gangarowa a kan hanyar da aka daddale. Kwana biyu ina faɗuwa ina tashi. A rana ta uku na gangaro sau huɗu ban faɗi ba, sai halin nan nawa ya motsa. Abokina ya shiga shan shayi bayan la'asar, na ce zan ƙara ɗaya. A tsakiyar gangara na ga wani fili a gefe, fari fat, ba sawun kowa. Na karkata na shige shi.

Ƙanƙarar wurin ba irin ta kan hanya ba ce, gari ce kamar an tankaɗe. Allunan suka nitse, na kifa, na tsinci kaina a kwance a karkace, kaina ya fi ƙafafuna yin ƙasa. Ta shiga hancina da bakina. Na dafa hannu don in tashi, hannun ya shige har kafaɗa, bai taɓa komai ba. Na soka sanda, ita ma ta tafi. Sai na shiga shure-shure, ina jan ƙafa, ina kiran abokina da muryar da ko ni ba na jin ta sosai. Duk shurin da na yi sai in ƙara yin ƙasa, ƙanƙarar gefe ta rufto min. Numfashina ya fara yankewa. Na ɗaga ido na ga ɗan sararin da ya rage a samana ya fara yin ja, rana na shirin faɗuwa, hanya kuma tana bayan wani tudu, ba mai hango ni.

Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske. Na yi kalmar shahada. Abin mamaki, ba karatuna na tuna ba, ba ma mahaifiyata ba da farko. Tagar nan na tuna da riguna a shanye. Na ce yanzu in ta Allah ta kasance a nan, maganata ta ƙarshe da mutumin da ya ciyar da ni kusan shekara biyu ita ce wai ina ɗakin gwaji.

Daga tunanin tagar sai muryarsa ta biyo, yana durƙushe gaban taya. Da ka ji ta fara nitsewa, ka tsaya.

Na tsaya. Wallahi wannan ya fi komai wuya, don jikina gaba ɗaya so yake ya yi kokawa. Na share fuskata da hannu ɗaya, na yi numfashi har sau goma ina ƙirgawa. Na miƙa hannu a hankali na lalubo maɓallin da ke riƙe takalmi da allo, na kwance ɗaya, na huta, na kwance ɗayan. Na baje bayana da hannuwana, ina jujjuyawa kaɗan kaɗan har ƙanƙarar da ke ƙarƙashina ta danne ta yi ɗan ƙarfi. Sannan na jawo allunan biyu na shimfiɗa su gefe da gefe, na gicciya sandunan a kansu, na dafa tsakiya. Wannan karon hannuna bai shige ba. Na ɗora gwiwa, na ɗora ɗaya. Haka na riƙa tura allo gaba ina rarrafawa a kansa, taku kaɗan in huta, har na ji ƙasa mai tauri a ƙarƙashina. Abokina na tafe da wani ma'aikacin wurin suna nemana, suka same ni zaune a bakin hanya ina haki, hawaye sun daskare min a kumatu.

Na dawo Doha ranar Alhamis. Washegari bayan masallaci na hau benen nan da kwalbar zuma a hannu. Na yi sallama. Kawu na tsugune gaban risho yana kwashe tuwo. Na cire takalmi na durƙusa.

"Kawu, na yi maka rashin kunya a gaban mutane, kuma na yi tafiya ban sallame ka ba. Don Allah ka yafe min."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya," ya ce, bai ko ajiye marar ba. "Ina ka je?"

Na ba shi labari tun daga farko. Ya saurara yana gyaɗa kai, da na zo wurin faɗuwar ya dakatar da ni.

"Ka taka totur?"

"Na taka, Kawu."

Ya yi dariya har da tari, abokan ɗakinsa suka taya shi. Ya sa na maimaita yadda na shimfiɗa allunan, ya ce da ya ga wannan ƙanƙara da ya so ya gwada motarsa a ciki.

"Yalla, Dakta, wanke hannu."

Na juya zan ɗauko kwano a kan kanta, sai na ga nawa ba ya can. Yana kan tabarma, a rufe, an riga an zuba tun kafin in shigo. Na dubi ɗaya daga cikin abokan ɗakin, don ban gaya wa kowa zan zo ba.

"Duk Juma'a haka yake zubawa," ya ce a hankali. "Sai an yi la'asar yake bari mu cinye."

Na buɗe murfin. Tuwon da zafinsa.