Dutsen Taimamar Inna

Dutsen taimamar Innarmu baƙi ne wuluk, bai wuce cikin tafin hannu biyu ba, amma in ka ɗaga shi nauyinsa sai ya ba ka mamaki. Duk ƙasarmu ta Adar babu irinsa. Namu duwatsun, waɗanda matan ƙauyenmu suka yi ta jida a ka zamanin furoje, wato aikin farfaɗo da ƙasa, suna jerawa a fako don tare ruwa, jajaye ne masu tsatsa, ko farare masu ɓawon katantanwa a ciki. Wannan kuwa daga Abzin kakarmu ta zo da shi, lokacin da fari ya koro su kudu da 'yan awakin da suka rage. Da shi ta yi ta taimama a tsufanta har ta koma ga Allah, sannan ya dawo hannun Inna.

Ita ma Inna ta daɗe da rabuwa da alwalar ruwa. Ciwon fata ya kama mata hannuwa, ruwa na taɓa su sai su tsage har jini, lokotoron asibitin Keita ya ce ta bari. Shekara da shekaru dutsen nan na gefen tabarmarta.

Ni ce ɗiyarta da ta yi lakwal, wato boko. Ilimin duwatsu na karanta a Yamai, ina koyarwa a lise, makarantar sakandare, a garin Tawa, kuma kowa a gidanmu ya san in an taɓo mini karatuna ba na jin kira. Wani hutun damina ina gida, ina talgen tuwo da rana, Inna na zaune a inuwar rumbu tana tsokanata.

"Wai ke, mi ag ga dutse da za a kwashe shekaru ana karatunai? Ko magana shikai?"

Na ce mata yana yi. Na ɗauko dutsenta, na ce wannan a dā ruwa ne, ja zur, yana malala. Na gaya mata akwai zamunnan da ƙasa ta buɗe ta yi ta amayar da narkakken dutse har ya shafe fili wanda ya fi Nijar faɗi, kuma malamanmu sun raba gari a kan dalili. Na nuna mata tukunya. Wasu sun ce daga can gindin ƙasa zafin ke tasowa tsaye, kamar yadda talgen nan ke ɓullowa daga ƙasan tukunya ya fashe a sama. Wasu sun ce ƙarya ne, ba wani abu da ya taso daga gindi, fatar ƙasa ce aka ja ta ta tsage, abin da ke kusa ya samu hanya. Ko a kan duwatsun Abzin, na ce, wannan gardamar suke yi.

Ina ta zuba, ban lura dariyarta ta ɗauke ba.

"Kin ce narkewa ya yi?"

"Ƙwarai, Inna."

"Wuta ta dafa shi ke nan."

Ta karɓi dutsen ta tura shi ƙarƙashin rumbu, ta sa aka ɗebo mata yashi a faifai. Marigayi babanmu ya koya mata tun tana amarya cewa ba a taimama da abin da aka gasa, kamar jan bulo ko katangar tukunya. Ita kuwa abin da ya faɗa ba ta sake shi.

Daga ranar ta shiga ramuwar sallolin da ta yi da taimamar dutsen. Bayan kowace salla sai ta ƙara wasu, a zaune, har muryarta ta dushe. Abinci ma sai da faɗa. Na yi lallashi, na yi fushi, na ce wallahi wannan azabtar da kai ne. Sai ta dube ni ta ce, "Tawa mai sauƙi ce, ɗiyata, ina da rai, ina ramawa. Ta innata fa? Wa za shi rama mata?"

Nan na gane abin da ke cin ta. Tsohuwar da ta yi tafiyar ƙafa daga Abzin, ta binne 'ya'ya a hanya, ba ta taɓa sakin salla ba, yau ɗiyarta na ganin ta tafi kabari hannu wofi. Na ji tsoro sosai, don Inna na ramewa a gaban idona.

Yayana ya ɗauko limamin ƙauye. Malam ya jujjuya dutsen, ya tambaye ni ko mutum ne ya gasa shi. Na ce a'a. Ya ce to dutse ne kamar kowane dutse, abin da hannun mutum ya gasa ya canza shi ake gudu, sallarta da ta mahaifiyarta suna nan daram. Inna ta yi godiya, ta sa aka ba shi goro. Yana fita ta jawo faifan yashinta.

"Haba Inna! Malam fa ya yi magana."

"Malam littafi ya karanta, bai karanta duwatsu ba. Ke kika karanta. Kuma da bakinki kin ce malamanku ba su san inda wutar ta hito ba. Wanda bai san mafarin wuta ba, ina ya san wanda ya hura ta?"

Kai, ran nan na ji haushin malamanmu kaf, na gindin ƙasa da na tsagewar fata, mutanen da suka tsufa suna jayayya suka bar ni ba amsa a gaban uwata. Zuciya ta raya mini in ce mata an gama gardamar, an shirya. Amma Inna na gane ƙaryata tun kafin in rufe baki.

Na zauna a tabarmarta. Na ce gaskiya ba mu sani ba, mai yiwuwa in mutu ba a sani ba. Amma duk faɗan da suke yi, babu ɗaya cikinsu da ya taɓa cewa akwai itace ko zugazugi a wurin. Ko mai cewa kusa ne, kusansa zurfi ne da babu rijiyar da ta taɓa kaiwa. Sannan na dubi faifan, ina sane cewa abin da ya rage in faɗa yana iya raba ta da yashin ma.

"Inna, yashin nan da kike bugawa, shi ma garin wani dutse ne da ya taɓa narkewa. Ruwa da iska suka niƙe shi. In kika bi asali, ƙasar duka ta bi ta wutar nan."

Ta kai hannu cikin yashin. Ta ɗebi kaɗan ta murza, ta bar shi ya zube.

"Duka?"

"Duka, Inna."

"To wannan ba murhun mutum ba ne," ta ce a hankali. "Wanda ya dafa ta, shi ya ce a taɓa ta a yi salla."

Aka kira la'asar. Ta nuna ƙarƙashin rumbu da haɓa. Na durƙusa na zaro dutsen, na share masa ƙura da gefen zanena, na ajiye a gabanta. Ta ɗora tsagaggun hannuwanta a kai, ta shafi fuska, ta sake ɗorawa ta shafi hannuwa. Da ta gama ba ta janye su ba. Hawaye na bin kumatunta, ta sunkuya kan dutsen ta yi magana da harshen Abzin, wanda rabona da jin sa a bakinta tun ina ƙarama. Ɗan abin da nake ji ya ishe ni in gane.

Da mahaifiyarta take, cewa ta yi, "Inna, kwanta abinki. Sallarki tana nan."