Ƙyallen Inna a bangon wasu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Asabe, kuma har yau in na tuna da ƙyallenta sai raina ya ɓaci. Na san shafin tunawa da mamaci ba wurin faɗa ba ne. Amma bana ba zan iya tsayawa a kan addu'a kaɗai ba.

Inna 'yar Kutama ce ta ƙasar Gwarzo, aure ya kai ta Kabo. Da ciwon ƙafa ya zaunar da ita, sai ta sa ana kwaso mata guntayen atamfa daga wurin teloli. Ta harhaɗa su da allura da zare, ta yi ɗan ƙyalle wanda bai kai girman sallaya ba. Ba na rufa ba ne, ba na shimfiɗa ba. Ta bi shi da ɗinkin hannu kala-kala, sannan ta ɗinɗinka masa tsofaffin maɓallai. Ko ɗaya ba ta saya ba. Akwai na kaftanin Baba, akwai na rigar makarantata, akwai wani ƙarami ja na rigar ƙanwata Hadiza, wadda ƙyanda ta kashe tun tana goye. In ka zauna kusa da Inna sai ta ɗora yatsa a kan kowanne, ta gaya maka na wane ne.

Wata rana yayana Sani ya zo da wata Hajiya daga birni, mai ƙungiyar sana'o'in mata. Tana ganin ƙyallen ta riƙe shi.

"Inna, aro za ki ba mu, mu kai baje koli. Ana tashi zan kawo miki da hannuna."

Inna ta karɓe ƙyallen, ta ɗora a cinyarta.

"Haba Inna, kada ki kunyata ni gaban baƙuwa," in ji Yaya Sani.

Ta miƙa wa Hajiyar.

Ba a kawo ba. In muka kira, a ce Hajiya ta yi tafiya. Daga baya aka daina ɗauka. Da jiki ya tsananta, Inna ta tambaye ni, "Ladi, har yanzu ba su kawo ba?" Na ce ba su kawo ba. Ta ce, "Na Hadiza kawai nake so in taɓa." Ba ta sake tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abarsa.

Bara wata ƙawata ta turo mini hoto ta waya. Ga ƙyallen Inna cikin gilashi, rataye a shagon Hajiyar a Kano. A ƙasa an rubuta: aikin matan karkara. Babu suna. Washegari na shiga mota. Da na tsaya gabansa na gane ɗinkin, amma maɓallan babu. An ɓalle su duka, an maye gurbinsu da duwatsu masu ƙyalli.

Na ce, "Hajiya, ina maɓallan uwata?"

"Waɗannan tsofaffin? Ai sun koɗe, yarana sun zubar. Ki gode Allah, 'yar nan, manyan mutane ke ganin aikinta."

Na ce a sauko mini da shi. Ta ce kyauta aka ba ƙungiya, ta kira mai gadi. Na dawo Kabo hannu rabbana. Yaya Sani ya ce in bar maganar, tsumma ne. Tun ranar, tsakanina da shi sai gaisuwa.

Da Inna na raye, me za ta ce da wannan zamani? Kowa na yabon aikin hannu, ana ɗaukarsa hoto, ana jawabi a kansa, amma matar da ta zauna ta ƙare idonta a kai ba ta isa a rubuta sunanta ba. An ga kwalliya a ƙyallen, ba wanda ya tambayi abin da ke cikinsa.

Abin da ya rage mana na Inna ba ya cikin gilashin nan. Yana hannun matan unguwarmu da suka koyi ɗinki a gindin gadonta, yana hannuna. Na san da tana nan cewa za ta yi in yafe, domin ita ba ta kwana da mutum a rai. Allah ya jiƙanta. Ta koya mini riƙe allura, ta yi ta fama ta koya mini haƙurinta. Allurar ce kawai na iya.